Ɗunɗu da ƙiri, ko gwaiba da zaren kanti? Zaɓin mai son sassaƙa baka a Sakkwato

Mai son koyon sassaƙa baka a Sakkwato yau malamai biyu gare shi, kuma ba su jituwa. Ɗaya tsohon maharbi ne na ƙauye, wanda zai ce ka nemo sandar ɗunɗu ko dargaza, ka fere ta mulmulalliya, ka ɗaura mata tsarkiyar fata. Ɗayan kuwa bidiyo ne a YouTube, inda wani a Amurka ko Ingila ke tsaga gungume ya fitar da baka mai faɗi wanda ya kusa kamo tsawonsa, ya murɗa masa zaren kanti. Kowannensu gaskiya ya faɗa, amma a kan nasa bakan. Inda ake tafka asara shi ne mutum ya sassaƙa gajeren baka irin na tsoho, sannan ya ja shi har kumatu yadda ya gani a waya. Iccen ya ce ƙas, aikin wata guda ya zama na hura wuta.

Saboda haka kafin a kai ga maganar icce, a fara sanin irin bakan da ake so.

Bakan kakanninmu sanda ce mulmulalliya, mai kauri a tsaka, tana siranta zuwa kawunanta biyu, kuma ba a jan ta da nisa. Kibiyarsa kyauro ce marar nauyi, galibi ba gashin tsuntsu a gindinta, da kan ƙarfe mai kunne da maƙeri ya ƙera. Ba ƙarfin bugu ke kashewa ba, dafin kwankwani ne. Kibiya ta samu fata kawai, magana ta ƙare. Da irin wannan makami 'yan bakan Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka tsaya gaban dawakin Gobir masu lifidi a Tabkin Kwatto cikin watan Yunin 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na jagorantarsu, suka kuma kori rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Ya dace da aikinsa: ga araha, ga sauƙin ɗauka, kowane manomi na iya yin nasa. Amma kai da buhu za ka harba a bayan gari, ba ruwanka da dafi (kada ma ka soma tunaninsa), bukatarka daban ce. Kana son ja mai tsawo da ke tsayawa wuri ɗaya a fuskarka kullum, don kibiyar yau ta bi hanyar ta jiya.

In aka ja baka, gefen da ke kallon abin harbi, wato bayansa, miƙewa yake yi, gefen da ke kallonka kuma, cikinsa, matsewa yake yi. Duk yadda icce ya ƙara kauri, haka wahalar gefen nan biyu ke ƙaruwa. In ka ninka faɗin baka, ƙarfinsa ya ninku sau biyu. In kaurinsa ka ninka, sau takwas. Mulmulallen baka yana tara duk wahalar kan siririn layi ɗaya a baya da ɗaya a ciki, sai icce na ƙwarai ke jure wannan. Mai faɗi kuwa yana baza ta, har icce mai dama-dama ya yi aiki. Bakunkunan yaƙin Ingila, irin waɗanda aka tsamo fiye da 100 daga jirgin ruwan Mary Rose da ya nutse a 1545, sirara ne masu kauri, gaskiya ne, amma da yew, wani iccen ƙasashen Turai, aka yi su, kuma tsawonsu ya tasam ma mita biyu. Mu ba mu da yew. Babban mutum da ke jan kibiya wajen santimita 70 yana bukatar baka da ya ninka wannan ya ɗora, wato santimita 165 zuwa 175. Abin da ya gaza haka, ko dai a rage ja, ko a shirya jin ƙara.

Sai abin da bidiyon ba zai taɓa gaya maka ba, don mai yin sa bai san hunturun Sakkwato ba. Su can damuwarsu laima ce. Masu sassaƙa baka suna son ruwan da ke cikin icce ya tsaya tsakanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100. In ya haura, baka ya yi laƙwas, ya riƙe lanƙwasa ko an kwance shi. In ya yi ƙasa sosai, ya zama mai gautsi. To a nan garin, lokacin da iska ke tsaga leɓe daga Disamba zuwa Fabrairu, da bazarar da zafi ke wuce digiri 40, iccen da ke rataye a ɗaki na iya bushewa ya koma kashi 4 ko 5. Watan Agusta kuma, iccen nan dai ya sha laima ya kai wajen kashi 15. Baka ɗaya ne, amma hali biyu gare shi a shekara. A ganina wannan ne ya kamata ya yanke maka hukunci a kan icce da tsarkiya duka: nemi iccen da bayansa ke jure miƙewa cikin fari, ka yi shi da faɗi da tsawo fiye da yadda Bature ya ce, ka kuma nemi tsarkiyar da ba ta sauya hali da sauyin iska.

Icce

Ɗunɗu shi ne wanda tsofaffi ke yabo, kuma ya ci yabon. Yana da nauyi, ga tauri, ga yauƙin lanƙwasa, gara ma ba ta cika damunsa ba. Shi ne irin iccen da ke iya ɗaukar mulmulalliyar sassaƙa bai fashe ba. Aibinsa a tsawo yake. Ƙaramin icce ne mai ƙaya da karkace-karkace, samun sanda miƙaƙƙiya mai mita ɗaya da rabi wadda ba gurbin reshe a tsakiyarta sai an sha yawo. Yawon daji kuwa a wannan zamani ba abin wasa ba ne. Ba wanda zai shiga Dajin Gundumi don neman sanda. Gara ka bi ta hannun masu kawo iccen wuta daga ƙauyuka. Ka sami dattijon cikinsu ka ce, "Baba, ɗunɗu nike so ɗanye, miƙaƙƙe, kaurin dantse, tsawo ya kai haɓata, kar a ɓare mashi bawo." Ka biya shi kuɗin wahala, ka kuma yi haƙuri, don ba a kasuwar farko zai kawo ba.

Dargaza ta fi ɗunɗu sauƙin samu miƙaƙƙiya, don rassanta dogaye suke fitowa daga gindi. Ba ta kai shi nauyi ba, amma wajen lanƙwasa ta dawo daidai ba ta da na biyu cikin itatuwan dajinmu, kuma da danginta maharban Kalahari ke yin nasu bakunkunan. Tana yarda da wuƙa, ba ta gajiyar da hannu. In da za a ba ni zaɓi tsakanin karkataccen ɗunɗu da miƙaƙƙiyar dargaza, dargazar zan ɗauka ban waiwaya ba.

Akwai kuma wanda ba ya cikin lissafin maharba amma ya fi dukansu kusa da ɗan birni: gwaiba. Masu sassaƙa baka a ƙasashe masu zafi sun san ta sarai. Zaren iccenta a matse yake, tana jure miƙewa da matsewa, bawonta sirit ne ba ya ɓata baya. Lambunan da ke fadamar gulbin Rima na da ita, kuma mai lambu ba ya ƙin a rage masa reshen da ya miƙe sama ba ya 'ya'ya. Ba sai ka sare bishiya ba, reshe ɗaya mai kaurin santimita 5 ko 6 ya ishe ka. Sai dai tana son tsagewa wajen bushewa in an yi mata gaggawa.

Gora ita ce hanyar mai ƙaramin haƙuri. Bayanta na jure miƙewa fiye da kowane icce da na ambata, da wuya ta karye farat ɗaya, shi ya sa ta dace da yara. Iri biyu za ka gani: siririya mai cikakken ciki wadda ake yin sanda da ita, da babba mai rami da ake kawowa daga kudu don tokare rufin siminti wajen gini. Ta farko a fere ta kaɗan ta zama baka. Ta biyu sai an tsaga, a ɗauki tsagi mai faɗin yatsu uku, a yi sassaƙa ta ciki, a bar gaɓoɓin baya yadda suke, don wanda ya kankare gaɓa ya yanke jijiyar bakan. Laifin gora ba ta daɗewa da ƙarfinta. Bayan 'yan watanni za ka ga ta kwanta, kibiya na faɗuwa kusa.

Magarya da kurna suna aiki in an samu reshe miƙaƙƙe, abin da ba halinsu ba ne. Marke da ƙirya sun yi nauyi, kuma marke na tsattsagewa. A bar wa masu turmi da maƙera ƙiryarsu. Aduwa a bar wa masu allo. Dogon yaro da ya cika kowace unguwa zai ba ka bakan koyon hannu marar ƙarfi, muddin ka yi shi da faɗi sosai, amma zarensa a harɗe yake, yana yaudarar wuƙa. Sandunan turare na 'yan katako miƙewarsu na jan ido, sai sun bushe su murɗe. Kuka, gawo, mangwaro da malaina, ɓata lokaci ne. Katakon kafinta ma haka, don zarto ya riga ya yanke zaren iccen a karkace.

In kana shakkar wani icce, yanki sanda mai kaurin babban yatsa, ka bari ta bushe, ka tanƙwara ta a gwiwa. Ta dawo daidai? Madalla. Ka ci gaba har ta karye. In ta karye da dogayen zaruruwa tana riƙe da juna, icce ne na baka. In ta ɓalle ƙat kamar rake busasshe, bar shi.

Lokacin sara ya fi kyau da damina, don bawo na saɓulewa da hannu ya bar baya sumul, wanda shi ne za ka bari ba ka taɓa shi da wuƙa ba har abada. Nan take ka toshe kawunan sandar da kakin zuma, ko fenti, ko gam ɗin kafinta, don ta nan ruwa ke gudu ya bar tsaga. Ka rage ta da gizago ta gefen ciki har ta kusa siffar baka, sannan ka ɗaure ta tam a jikin azara ko wani miƙaƙƙen katako, cikin ɗaki, ba kan kwano ba, ba tsakar rana ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan gaskiya ne wajen gyara karkata. Amma wanda ya ɗaura wa ɗanyen icce tsarkiya ya kashe shi tun bai rayu ba. Ka riƙa ɗora sandar kan sikeli duk mako. Ranar da nauyinta ya daina raguwa, ta bushe.

Aikin gaske na nan ne wajen daidaita lanƙwasa. Ka kafa wani abin rataya a bango daidai ƙirjinka, ka ɗora tsakiyar bakan a kai, ka sa masa doguwar igiya sako-sako, ka ja ƙasa kaɗan ka ja da baya ka duba. Za ka ga wani wuri ya sandare, wani kuma ya soma karyar gwiwa. Shafa gawayi ta gefen ciki inda ya sandare. Ɗauki ɓallin kwalba ko wuƙa a tsaye ka kankare gawayin, abin da ke zubowa ya zama siriri kamar bawon albasa, ba ɓaɓɓake ba. Inda ya riga ya lanƙwashe kada ka taɓa. Bayan kowace kankara ka ja bakan sau ashirin ko talatin kafin ka sake dubawa, don icce ba ya nuna abin da aka yi masa nan take. Kuma kada ka taɓa jansa fiye da ƙarfin da kake nufi. Sikelin rataya irin na masu awon hatsi ya isa ya gaya maka: mai koyo kilo 12 zuwa 15 ya ishe shi, yaro kilo 5 zuwa 7.

Tsarkiya

Tsarkiyar gado ta ɗanyar fata ce. A lura, ɗanya na ce. Jar fatar Sakkwato da majema ke jema da bagaruwa, wadda ta yi suna har Turai, ba ta yin tsarkiya. Miƙewa take ta tsinke. Ita a ajiye ta don naɗe mariƙi. Abin da ake so fatar akuya ce da aka aske gashinta aka shanya ba jima. A yanka ta zagaye-zagaye daga gefe zuwa tsaka, ta fito zare ɗaya dogo mai faɗin rabin santimita, a jiƙa ta kwana, a murɗa ta ƙiri, a rataya a inuwa da dutse a ƙasa, ana ƙara murɗi tana bushewa, a ƙarshe a goge ta da kitse. Da rani ba ka da abin cewa a kanta: ga ƙarfi, ga taushin saki da ba ya girgiza icce. Da ruwan farko ya sauka sai ta saki jiki, ka ɗaure da safe ka tarar da ita sako-sako da la'asar. Tana da kauri, kauri kuma na rage gudun kibiya, ga shi dole bakin kyauro ya yi faɗi, a naɗe shi da zare don kada ya tsage. Ɓera da kare ma abincinsu ce.

Agara, wato jijiyar ƙafar dabba, ta fi fata ƙarfi in an kwatanta kaurinsu, amma aikinta ya fi yawa. Sai ka yi sammako wurin rundawa kafin a sayar da ƙafafun sa, ka busar da ita, ka daddaka ta warware zare-zare, ka murɗa su da jiƙe kana sa sabo kafin tsoho ya ƙare. Laima na yi mata abin da take yi wa fata. Wanda bai taɓa tufka ba kada ya fara da ita.

Zaren tsiro halinsa kishiyar na fata ne. Rama ba ta miƙewa, kuma ɗan laima ƙara mata lafiya yake, fari ne ke sa ta gautsi. Bakunkunan Ingila da zaren tsiro irin wannan aka ɗaure su, amma nasu ya fi ramarmu ƙarfi, don haka tamu sai ta yi kauri, a kuma cika ta da kaki. Abin tsoronta ba ta yin gargaɗi: tana cinyewa a hankali inda take gugar icce, ran nan ta tsinke ana tsakar ja, kuma tsinkewar tsarkiya na iya tafiya da bakan. Igiyar kuka, ta kalgo da ta kaba na ɗaurin kaya ne. Auduga ba ta da ƙarfin.

Na kanti kuma ba duka ɗaya ba ne. Shuɗiyar igiyar shanya da zaren nailan na masunta miƙewa suke, su cinye rabin ƙarfin bakan, su kuma mari dantse. Saƙaƙƙen zaren kamun kifi na zamani, wanda ba ya miƙewa ko kaɗan, nasa laifin na ɗaya gefen ne: duk bugun yana komawa kan icce, ga sirantar da ke iya yanka kan baka, musamman busasshen iccen hunturu. Na tsakiya shi ne foliyesta. Wanda aka yi musamman don baka, Dacron B-50, sai an yi odarsa ta intanet, zare 12 na isar bakan kilo 18. Amma zaren ɗinkin takalmi mai kaki da dukawa da masu gyaran takalmi ke aiki da shi, in ka dace da na foliyesta, yana yin aikin. Matsalar ana sayar da na nailan a irin ƙwaryar, mai shago ma bai bambance ba.

Jarka ce za ta raba gardama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Yanki zare mita ɗaya, ɗaura shi a reshe, rataya masa jarka, ka riƙa zuba ruwa da gwangwanin lita. Dubi yadda yake miƙewa: nailan zai yi ta tsawo yana rawa, foliyesta kaɗan zai ƙaru ya tsaya. Ci gaba har ya tsinke, ka riƙe lissafin litar. Ƙa'idar masu baka ita ce tsarkiya ta ɗauki aƙalla ninki huɗu na ƙarfin bakan. In zare ɗaya ya tsinke a lita 8, bakanka kuma kilo 15 ne, kana neman kilo 60, zare takwas ke nan. Sa goma ka kwana lafiya. Raba su gida biyu, ka goge da kakin zuma, ka tufka, ka naɗe tsakiyar da wani zaren inda yatsu da kibiya ke zama. Wannan gwaji ya shafi fata da rama ma, kada ka yarda da tsarkiyar da ba ta ɗauki jarka ba.

Tsarkiya ta gaza bakan da kamar santimita 7 ko 8. In an ɗaura, tazarar da ke tsakaninta da mariƙi ta kai dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, wajen santimita 15. Wurin zamanta a kan baka a yanka shi ta gefe da gefe, ba ta baya ba. In kan ya yi siriri, kamar na mulmulallen ɗunɗu, a naɗa masa fata ta zama kafaɗar da tsarkiya za ta tokara, ba sai an yanka komai ba.

To wanne da wanne? Wanda ke son kayan gado, na ratayawa a zaure ko na fita hawan salla, ko don ya ji abin da 'yan bakan zamanin da suka ji a hannunsu, ya yi ɗunɗu ko dargaza mulmulalle da ƙirin akuya, ya kuma ja shi gajeren ja yadda masu shi ke yi, cikin rani. Wanda zai yi wa ƙanensa ko ɗansa, gora da zaren takalmi, an gama cikin kwana biyu. Wanda kuwa ke son ya koyi harbi sosai, ya riƙa fita duk mako shekara ta zagayo, shawarata gwaiba ko dargaza, mai faɗin yatsu biyu zuwa uku a gefe biyu na mariƙi, tsawo santimita 170, da foliyesta. Ba shi ne ya fi kyan gani ba, amma haɗi ne da ba sai ka sauya masa tsarkiya tsakanin Agusta da Janairu ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya: a sare da damina, a daidaita lanƙwasa da kaka lokacin da iska ba ta jiƙe ba ba ta ƙone ba, a shafe shi da man kaɗe ko kitse sau da yawa. Man ba ya hana icce shan laima ko bushewa, jinkirta su yake. Da hunturu a ajiye bakan a ɗakin da randa take, a kuma lallaɓa shi da ƙananan ja kafin a cika. Da an gama harbi a kwance tsarkiya, kada a bar shi cikin mota ko jingine da bangon rana, kada kuma a sake shi ba kibiya. Wurin harbi ya zama akwai bango ko tudu bayan buhun, ba hanyar mutane ko ta dabbobi ba. Yadda tsaro yake yanzu, a sa shi cikin buhu in za a fita da shi, a kuma sanar da mai unguwa inda ake taruwa da ranar da ake yi.